Furannin Ta'aziyyar Komak

Litinin, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Taurari sun zube. Shekaranjiya masu karatu suna ba littafina tara da wani abu cikin goma, yau da safe ya koma biyu. Edita Maeng ya kira ni ko fuska ban wanke ba, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Marubuciya, kin leƙa sharhi kuwa?"

Na ce ban leƙa ba. Ƙarya nake, tun da na farka nake ciki.

Bari in ajiye yadda abin yake, ko don in na tsufa in tuna abin da ya haukata yaran ƙasar nan. Shekara uku ke nan ina rubuta musu Ɓarayin Inuwa a manhajar kamfanin, babi-babi, Laraba da Lahadi. Labarin wani gungun 'yan daba ne a birnin bakin teku, suna satar inuwar mutane suna sayar wa matsafa. Littafi na farko sun so shi har sun gundure ni. Na biyu ya kai rabi, jiya na kashe Komak, shugaban gungun. Ubangidansa ne ya aike shi karɓo saƙo, ya tsaya jira a matakalar wani bene riƙe da ledar lemo, wani yaro da bai ma san sunansa ba ya soke shi ya gudu. Shi ke nan.

Maeng ya ce na sama sun zauna. Abu biyu suke so: in rubuta takardar ban-haƙuri da hannuna a ɗauki hotonta a liƙa, sannan in dawo da Komak kafin watan nan ya ƙare. In na ƙi, za su dakatar da littafin a inda ya tsaya. Ya ce ai abin da sauƙi, tunda tun a littafi na farko akwai tsohuwa mai kwale-kwale da ke dawo da matattu in an biya ta da inuwa.

Na ce, "Edita, ni na ƙirƙiri tsohuwar nan. Ba sai ka gabatar mini da ita ba."

Litinin, da yamma

Na kwafo kaɗan, don tarihi.

"Layi biyu? Shekara uku muna bin sa, ki kashe shi a layi biyu?"

"Ko karen da ya mutu a littafi na farko ya fi samun mutunci."

"Ba haka shugaban 'yan daba ke mutuwa ba. Matar nan ba ta san komai a kan wannan rayuwar ba, ta je ta yi bincike."

Wannan na ƙarshen na fi so. In je in yi bincike. Ina ganinsa daga nan, yana kwance a gadon da uwarsa ta gyara masa, yana cin dankalin leda, yana koya mini yadda ake mutuwa.

Akwai wata mai kiran kanta MatarKomak. Ita ba ta gajiya, a ƙarƙashin kowane babi sai ta koma ta saka tauraro ɗaya, har babobin da a bara ta ce sun sa ta kuka. Yau ta rubuta: "Ina fata abin da kika yi mana a yi miki."

Yarinya, kin makara.

Talata, 4 ga Nuwamba, tsakar rana

Wani saurayi mai rinannen gashi ya yi bidiyo yana lissafa kurakuraina. Ya tara littattafai a bayansa waɗanda da gani ko buɗe su bai taɓa yi ba. Ya ce ruhin labarin 'yan daba shi ne amana, wai 'yan'uwa ba sa barin ɗan'uwa ya faɗi shi kaɗai. Ya dafa ƙirji yana faɗi.

Amana. Na kashe wayar na je na soya ƙwai, na bar shi ya ƙone.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da safe

Yau ba babi. Na cire labule na wanke, duk da bai yi datti ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da la'asar

Umma ta kira daga birnin Incheon, ina jin ƙarar cokula a shagon miyarta. Kabeji ya iso, tana so in zo ƙarshen mako mu yi kimchi, jiƙaƙƙen kabejin nan mai yaji da ake ajiyewa don hunturu.

Na ce, "Nawa kika sa aka kawo?"

"Kamar kullum."

"Umma, ai ya yi yawa."

"In ya yi yawa sai a kyautar. Za ki zo ko ba za ki zo ba?"

Na ce aiki ya riƙe ni. Ta ce rubutun waya ne aiki, ta ajiye. Ba ta taɓa karanta ko layi ɗaya ba, ko sunan littafin ba ta sani ba, kuma haka na fi so. Rabona da gidan tun bazara. Takalman ƙanena suna nan a bakin ƙofa, ta jera su, kuma tana goge su.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Sun fara aiko furannin ta'aziyya.

Maeng ya turo hoto. A bakin titi, gaban ofishin kamfanin, an jera dogayen kwandunan fararen furanni masu ƙafa uku, irin na gidan makoki, kowanne da zirin ƙyalle biyu suna lilo. Yanzu abin yayi ne, duk wanda ya ji haushin wani kamfani sai ya aika masa furannin mamaci. Yaran sun yi karo-karo daga kuɗin tara, mai furanni ya samu kasuwa. Na ƙara girman hoton na karanta. "Komak, ka huta lafiya." "Shugaba, mun rasa inuwarmu." Wani kuma: "Hankalin marubuciya ya rasu, muna ta'aziyya."

Wannan ya ɗan ba ni dariya. Ya fi sharhin mai rinannen gashi fasaha.

Juma'a, da yamma

Ba dariya nake ba yanzu.

Kowa ya san da furannin baranda ake auna mamaci. A watan Afrilu, da ƙanena ya rasu, a gidan makoki na asibiti, ɗakin da ke kusa da namu na wani tsohon shugaban makaranta ne. Furanninsa sun cika barandar sun kai bakin lif, har sai da aka yanke ƙyallayen wasu aka jera a bango don wuri ya ƙare. Namu ɗaya ne tak, daga wani kamfanin gine-gine da bai taɓa aza bulo ba. Umma ta karanta sunan ta ce in fitar mata da shi. Ni na ja shi har wurin shara.

Ta sa an dafa jar miyar naman sa ta masu ta'aziyya kamar za a ciyar da unguwa. Kwana uku tana zaune cikin baƙaƙen kaya tana kallon ƙofa. 'Yan'uwa sun zo sun tafi da sauri. 'Yan'uwan amana kuwa, 'yan dabar da yake yawo da su, ko ƙeyar ɗaya ban gani ba.

Yau ɓarawon inuwa, wanda babu shi a duniya, ya samu furannin da suka tare hanyar masu tafiya a ƙasa.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da rana

Ba zan rubuta a kan Afrilu ba kuma.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da safe

Na zauna rubuta ban-haƙuri. Maeng ya turo mini samfuri, wai na wata marubuciya da ta aurar da jarumarta ga wanda yara ba sa so. Ya ce a yi da baƙin biro, kada rubutun ya yi kyau sosai, masu karatu sun fi yarda da hannun da ya ɗan karkace. Ashe har nadama tana da ma'auni.

"Ya ku masu karatu masu daraja, na sunkuyar da kaina ƙasa." Na kai nan na tsaya. Na gwada wata: "Ya ku masu karatu, ku je ku yi aikin gida." Wannan ta fito da kyau, hannun bai karkace ba ko kaɗan.

Na kira shi na ce takardar sai a hankali.

"To babin fa, Marubuciya? Don Allah. Ni ma matata ta daina yi mini magana a kan Komak."

"Ka gaishe ta. Ka ce mutane suna mutuwa."

"A labarin tsafi ba dole ba ne," in ji shi.

Haushin da na ji, don gaskiya ya faɗa.

Talata, 11 ga Nuwamba, da la'asar

Na rubuta shi.

Na zauna ne don in nuna wa kaina cewa ba zai yiwu ba, sai ga shi ya zubo. Yaran gungun suka tara inuwoyinsu suka kai wa tsohuwa mai kwale-kwale. Ta tuƙa ta shiga duhu, ta dawo da shi zaune a gaban jirgin, gashinsa a jiƙe, yana sosa ƙeya kamar wanda ya makara a makaranta. Ban tashi ba sai da rana ta karkata, ban ci ba, ban sha ba. Tun bazara ban ji daɗin wuni irin na yau ba, kuma na tsani hakan.

Abin takaicin, babin ya yi kyau. Za su so shi, 'yan banza.

Na tura wa Maeng kafin in sake tunani.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Maeng ya ce ya yi kuka a jirgin ƙasa. Ba na mamaki, mutumin da tallar inshora ke sa shi hawaye.

"Gyara ɗaya ne kawai, Marubuciya. Da ya sauko daga kwale-kwalen, kin sa ya ce, 'Yaya, akwai abinci?' Wace yayar? Komak ai maraya ne, ba shi da kowa."

Na buɗe na duba. Yana nan, haka na rubuta.

Na ce kuskure ne. Ya ce to zai goge. Na ce ya bari, ni zan goge da kaina.

Laraba, da yamma

Ban goge ba.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, tsakar rana

Yau jarrabawar shiga jami'a. Gari ya yi tsit, sharhi ma ya yi tsit. Ashe duk malaman nan da ke koya mini rayuwar 'yan daba suna can zaune da fensir, iyayensu mata suna tsaye a ƙofar makaranta suna roƙo.

MatarKomak kaɗai ta fito aiki, da alama ita shekarunta ba su kai ba. Ta sanar cewa ranar Asabar ta sama za su yi wa Komak jana'iza a gaban ofishin, kowa ya zo da baƙaƙen kaya. In kamfani bai ba da amsa ba, za su goge manhajar gaba ɗaya a wurin.

Jana'iza. Na rantse rabinsu ba su taɓa shiga gidan makoki ba, ba su san da wane hannu ake rufe wane ba wajen durƙuso.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da safe

Babin zai fita ranar Lahadin ƙarshe ta wata, tare da takardar. Na ce to. Littafin ne kaɗai abin da nake da shi, kuma saura rabi ban faɗa ba. In an rufe shi a nan, an rufe ke nan.

Na sayi baƙin biro.

Talata, 18 ga Nuwamba, da yamma

Madam Gu, mai sayar da kayan haɗin abinci kusa da shagon Umma, ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Jikarta ta nuna mata hoton furannin, ita kuma ta ɗauki waya ta tsallaka ta kai wa Umma.

Umma ta kira. Ba ƙarar cokula, ta shiga ɗakin baya.

"Yeon-ju. Wannan ba wurin aikinki ba ne?"

"Shi ne."

"An rubuta Komak."

Mu uku ne a duniya muka san asalin sunan nan, yanzu mu biyu. Ita ta raɗa wa ƙanena Jun-bae tun yana jariri, don in ya ƙi abinci sai ya datse baki kamar komak, ɗan kifin nan mai ɓawo da take dafawa. Da na fara littafin, ƙanena yana nan da ransa, yana yawo da mutanen da yake yawo da su. Na ɗauki sunan don in tsokane shi. Ya karanta babi biyu ya ce jarumin ya cika surutu.

Na ce, "Umma, labari ne kawai. Yara ne ke wasa, haushina suke ji."

"Furannin na gaske ne?"

"Na gaske ne."

"Duk nasa ne?"

Na ce ba nasa ba ne, na wani ne da na ƙirƙira. Ta ce ta ji. Ta tambayi wace tasha ake sauka.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da rana

Na kira sau uku in hana ta. Ta ce tana da baƙi.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, da hantsi

Madam Gu ta ce Umma ta saro naman sa da albasa kamar mai shirin biki, ta liƙa takarda a ƙofa cewa gobe ba shago.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru, sannan in kwanta.

Na isa kafin ita. Ba wanda ya san fuskata, da sunan aro nake rubutu, don haka na tsaya gefe ina kallon masu hukunta ni. Sun fi yadda na zata yawa, kuma sun fi yadda na zata ƙanƙanta. Baƙaƙen riguna na aro, wasu hannun ya rufe yatsunsu. Kowa ya rataya sunansa na manhaja a wuya. Sun kafa tebur, sun ɗora zanen Komak a firam da baƙin ƙyalle, wani ya zana masa haɓa mai kaifi da idanu kamar na mawaƙin talabijin. Suna ɗaukar hoto suna gwada fuskar baƙin ciki, in ba ta yi ba su sake. Maeng yana bakin ƙofar ofis yana cin farce.

Sai ga motar ɗan Madam Gu. Umma ta fito cikin baƙaƙen kayan makokinta na Afrilu, da ɗan farin ƙyallen makoki a gashi. Aka sauke tukunya biyu, murhun gas, shinkafa, kwanukan takarda.

Ba ta kalle ni ba. Ta fara daga kwando na farko ta bi layin a hankali, tana kama kowane ƙyalle tana karantawa, leɓenta na motsi. Da ta zo kan na hankalin marubuciya ta karanta, ta juya shi ya fuskanci bango, ta wuce. Da ta kai ƙarshe ta dawo ta tsaya a gefen tebur, daidai inda mai makoki ke tsayawa, ta haɗa hannu.

Yaran suka daina hoto. Ko ba ka taɓa zuwa makoki ba, ka san in tsohuwa ta tsaya a wurin nan ba a barin ta a tsaye haka.

Wata 'yar siririya mai gilashi da ƙarfen haƙori ta matso. Na karanta wuyanta: MatarKomak. Wannan ce. Da hannu ɗaya zan iya ɗaga ta.

"Kaka, ke ma kina karantawa?"

"A'a, 'yata. Ni na haife shi."

Wasu suka yi dariya, suka ga ba ta yi ba, suka haɗiye. Wani ya ɗaga waya, Maeng ya sa tafin hannu ya rufe ta. Wannan kaɗai zan rubuta masa a alheri.

Umma ta ce, "Ba ta'aziyya kuka zo ba? To ku yi. Durƙuso sau biyu gare shi, sau ɗaya gare ni. Ku ajiye jakunkunan."

Suka yi. A kan simintin titi, cikin sanyin nan, ɗaya bayan ɗaya. Kamar yadda na faɗa, ba su iya ba, wani ya yi sau uku, wata ta kusa kifar da firam. Umma tana rusuna wa kowanne tana cewa, "An gode da zuwa, ga nisa." Sannan ta juyo gare ni karo na farko.

"Ke, tsayuwar me kike? Zuba musu."

Haka na ɗaura gyale na kama ludayi, ina zuba wa mutanen da suka ce a karya mini yatsu. Suna karɓa da hannu biyu suna cewa, "Mun gode, Anti." Akwai wanda ya nemi ƙari.

Umma ta zauna cikinsu a bakin dakali tana tambaya. "Kun san shi sosai? Wane irin mutum ne a wurinku?"

Suka fara, da kunya, sannan suka ɓarke. Wai ba ya barin a taɓa ƙananan yara. Wai bai iya ƙarya ba, kunnensa ke yin ja. Umma ta ce haka ne, tun yana ƙarami. Wani mai ƙiba ya ce Komak ba ya cin abinci sai yaransa sun ƙoshi.

"Wannan kam an yi muku ƙari," in ji Umma. "Shi ke fara kai hannu. Ko ƙwan yayarsa ba ya bari."

Suka yi dariya, ita ma ta yi. Rabon da in ji wannan dariyar, na manta.

MatarKomak ba ta yi ba. Tana riƙe da kwano, hancinta ya yi ja. Ta ce, "Kaka, bai kamata ya mutu haka ba. Shi kaɗai, a matakala, ba wanda ya zo. Marubuciyar ce ta kashe shi. Muguwa ce, ba ta taɓa son sa ba."

Ludayin yana hannuna. Na ci gaba da juya miyar.

Umma ta ce, "Ba ita ta kashe shi ba. Ita ce ta je ta ɗauko shi, ni ƙafata ta ƙi. Har ledar lemon ita suka ba." Ta miƙa hannu ta gyara wa yarinyar wuyan riga. "Ci, kafin ta huce."

Yarinyar ta dubi Umma, ta dubi firam, sannan ta dube ni. Ban san abin da ta gane ba, ban kuma damu ba. Ta sunkuyar da kai ta ci.

Tukunya biyu, ko ɗigo bai rage ba. Umma ta leƙa ciki ta kankare gindin da ludayi, ta ce, "Ya ƙare," kamar wadda aka ba kyauta. Sannan ta ciro almakashin kicin daga jaka ta ba Maeng, ta ce ya yanko mata ƙyallayen, masu sunan kawai. Ya ce, "To, Mama," ya bi layi yana yanka. Ba wanda ya goge manhajar, sun manta.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, da safe, Incheon

Jiya a jirgin ƙasa ta rungume ƙyallayen a cinya har muka wuce rabin hanya. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Mai almakashin nan ya ce za ki dawo da shi."

Maeng da bakinsa. Na ce haka kamfani ke so. Na ce na riga na rubuta, kuma ya yi kyau. Na ce in ban yi ba za su rufe littafin.

"In ya dawo, ina zai koma?"

"Wurin yaransa."

"Wurin mutanen nan dai."

Na ce labarin ke nan, Umma, ba shi da wani wurin.

Ta shafa ƙyallen da ke sama. Ta ce, "Shekara nawa ina kwana da waya a ƙarƙashin filo. Yanzu ina barci. Kada ki dawo mini da shi in koma jiran kira, Yeon-ju. An zo masa, an ci, an ƙoshi. Ki bar shi."

Yau da na fito wanka, takalman ba sa bakin ƙofa. Ban tambaya ba. Kabejin yana jiranmu a baho, kuma ya yi yawa, kamar yadda na faɗa.

Litinin, 24 ga Nuwamba, da hantsi

Na kira Maeng na ce ba babi, ba takarda.

"Marubuciya, kin san abin da za su yi."

"Na sani."

"Ko rabin-rabi? A bar shi a mace, amma a nuna fatalwarsa? Yara suna son fatalwa."

Na ce ya gaishe da matarsa.

Na buɗe babin na karanta har inda ya sauko daga kwale-kwale ya yi tambayarsa. Na ce masa babu, ya ƙare, mutane sun zo da yawa. Sannan na goge.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, tsakar rana

Sanarwa ta fita: an dakatar da Ɓarayin Inuwa "saboda dalilan lafiyar marubuciya". Lafiyata ƙalau. Mai rinannen gashi ya yi sabon bidiyo, wai ya faɗa tun farko.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, da la'asar

Taurari suna nan a biyu. MatarKomak ta dawo ƙarƙashin babin ƙarshe, ta goge abin da ta yi mini fata. A wurinsa ta rubuta: "Miyar ta yi yaji da yawa." Tauraro ɗaya. Yarinyar ba ta da kunya, amma aƙalla tana da tsayuwa a kan magana, abin da na sama ba su da shi.

Umma ta bi ƙyallayen da dutsen guga ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a bangon ɗakin baya. Bangon bai ɗauke su duka ba, sauran ta kai wa Madam Gu ajiya, ta tabbatar kowa a layin ya ji dalili.